Mary Parker Follett: Matar da ta koyo shugabanci a unguwa, ta koyar da masu masana'antu

A watan Janairun 1925, manajoji da masu kamfanoni suka hallara a birnin New York domin sauraren lacca kan yadda ake tafiyar da ma'aikata. Wadda aka gayyato ta yi musu jawabi dattijuwa ce 'yar shekara 56 daga Boston, wadda ba ta taɓa mallakar shago ba balle masana'anta, ba ta kuma taɓa riƙe kujerar koyarwa a wata jami'a ba. Ta shaida musu cewa saɓani tsakanin shugaba da na ƙasa da shi abu ne da za a iya cin moriyarsa idan an san yadda ake sarrafa shi, kuma umarnin da ya jingina da girman kujera kaɗai ba ya haifar da aiki mai kyau.

Sunanta Mary Parker Follett. Ɗaliban da ke karanta ilimin gudanarwa ko na mulki a jami'a kan ci karo da ita a cikin 'yan layuka, a tsakanin Frederick Taylor da Elton Mayo, su haddace domin jarrabawa su wuce. Wannan asara ce, musamman ga mai sha'awar siyasa, domin ta ƙofar siyasa Follett ta shigo wannan fage. Tambayar da ta kwashe rayuwarta tana bi ita ce ta iko: daga ina yake fitowa, wa ya cancanci riƙe shi, kuma me ya sa mutane ke ƙin bin umarni ko da sun san daidai ne.

An haife ta ranar 3 ga Satumban 1868 a garin Quincy da ke jihar Massachusetts. Mahaifinta tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasar Amurka, ya dawo gida shan giya ya ci ƙarfinsa. Mahaifiyarta 'yar gidan masu hali ce, amma mai yawan jinya. Saboda haka tun tana ƙarama hidimar gida da renon ƙanenta suka hau kanta. Mahaifin ya rasu tana da shekara 16. Gadon da ta samu bai mai da ita attajira ba, sai dai ya ishe ta yin karatu, ya kuma ba ta damar yin aikin da ranta ke so ba tare da ta tsaya jiran albashi ba.

A 1888 ta shiga wani sashe da aka keɓe wa mata a gefen Jami'ar Harvard, inda malaman jami'ar kan zo su maimaita wa 'yan mata darussan da suka koyar da maza, amma ba a ba su digirin Harvard. Wannan sashe ne ya zama Kwalejin Radcliffe a 1894. Ta yi shekara guda a Kwalejin Newnham da ke Cambridge a Ingila, ta dawo gida, ta yi koyarwa, ba ta karɓi digirinta ba sai a 1898, shekara goma cif bayan shigarta. Ta fita da sakamako mafi daraja. Amma kafin nan ma sunanta ya riga ya fita.

Kujerar kakaki

A 1896, tana ɗaliba, ta wallafa littafi mai suna The Speaker of the House of Representatives, a kan kujerar Kakakin Majalisar Wakilan Amurka. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai fayyace ikon kakaki ba, abin da ya tanada kawai shi ne majalisa ta zaɓe shi. To yaya aka yi kujerar da doka ta yi shiru a kanta ta zama ta biyu a ƙarfi bayan ta shugaban ƙasa? Follett ta bi kundayen zaman majalisar, ta kuma zauna da wasu da suka taɓa riƙe kujerar ta yi musu tambayoyi, abin da ba kasafai masana siyasa na lokacin ke yi ba. Ta gano cewa mutanen da suka hau kujerar ne suka gina ikonta da kaɗan-kaɗan, ta hanyar naɗa 'yan kwamitoci da zaɓen wanda za a ba damar magana a zauren.

Batun yana da zafi a lokacin. Shekara shida kafin nan, a 1890, Kakaki Thomas Reed ya karya wata tsohuwar dabarar 'yan adawa: su zauna a zaure ƙiri-ƙiri, amma idan an kira suna su yi gum, don a ce ba a cika adadin da doka ta tanada ba, zama ya watse. Reed ya umarci akawun majalisa ya rubuta sunan duk wanda ido ya gani a zaune. Aka yi ta hayaniya, aka laƙaba masa sunan sarkin Rasha mai mulkin kama-karya. Follett, wadda daga baya za a san ta da adawa da danniya, ta goyi bayan ƙarfin kakaki. Hujjarta ita ce tunda dole wani ya ja ragama, gara ikon ya fito fili a hannun wanda za a iya tuhuma idan abu ya ɓaci, da a bar shi a warwatse cikin kwamitocin da babu wanda zai amsa laifinsu. Theodore Roosevelt, wanda a lokacin yake shugabantar hukumar 'yan sandan New York, ya yi sharhin yabo a kan littafin. Marubuciyar kuwa ba ta da ikon jefa ƙuri'a ga ko da ɗan majalisa guda, domin sai a 1920 aka ba matan Amurka baki ɗaya wannan 'yanci.

Makarantar Roxbury

Da namiji ne ya rubuta irin wannan littafi, da wataƙila wata jami'a ta ɗauke shi aiki. Ita kuwa a 1900 sai ta nufi Roxbury, wata unguwar talakawa da baƙin haure a Boston, ta kafa ƙungiyar muhawara ta samari. Yawancinsu sun bar makaranta da wuri, suna aikin ƙarfi da rana, da dare kuma babu wurin zuwa sai bakin titi da mashaya.

Siyasar unguwar ta ubangida ce. A nan James Michael Curley ya taso, wanda daga baya ya yi magajin garin Boston har sau huɗu. A 1904 an ɗaure shi saboda ya zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati a madadin wani magoyin bayansa, kuma yana cikin kurkukun jama'a suka zaɓe shi. A wurinsu ai taimako ya yi. Follett ba ta raina irin waɗannan masu zaɓe ba. Ta lura cewa ubangidan siyasa ya san sunan kowa, ya san wanda ke neman aiki da wanda aka kora daga gidan haya, alhali masu kiran gyara daga unguwannin masu kuɗi ba sa zuwa sai da wa'azi. Wanda ke son ya raba talaka da ubangida, dole ya samar masa wurin da zai biya buƙatarsa tare da maƙwabtansa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Wurin da ta hango shi ne makarantun gwamnati, waɗanda aka gina da harajin jama'a amma ake garƙame su da yamma. Daga 1908 ta shugabanci wani kwamitin ƙungiyar matan birnin mai fafutukar a riƙa buɗe su da dare. A 1911 aka yi gwajin farko a babbar sakandaren Gabashin Boston, da ya yi nasara kuma hukumar makarantun birnin ta karɓi shirin ta faɗaɗa shi. Abin da ta nace a kai shi ne mahalarta su riƙa tafiyar da ƙungiyoyinsu da kansu, su zaɓi shugabanni, su tsara abin da za su yi, ko da za su yi kuskure. Ta kuma taimaka wajen kafa ofishin sama wa matasa aiki, wanda ya fara haɗa ta da masu masana'antu.

Shekarun da ta yi tana zaman kwamiti da kallon yadda samari ke gardama su ne suka haifi littafinta na biyu, The New State, a 1918. A ciki ta caccaki dimokuraɗiyyar da ta tsaya ga akwatin zaɓe. A ganinta, ƙirga kawuna ba ya nuna abin da jama'a ke so, domin ra'ayin jama'a abu ne da ake ƙerawa idan mutane masu bambancin fahimta suka zauna suka goga tunaninsu, har wani sabon abu ya fito wanda babu wanda ya shigo da shi. Ta bambanta taron da mai baki ke kaɗawa da tsawa da kirari, da ƙungiyar da kowa ke sa baki a cikinta. Jam'iyyun siyasa, a hukuncinta, sun fi kama da na farkon. Ta ba da shawarar a gina mulki daga ƙungiyoyin unguwa zuwa sama. Za a iya cewa ta cika kyautata zato ga unguwa, domin unguwa ma tana da nata azzaluman. Amma littafin ya kai har Birtaniya, inda Lord Haldane, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar yaƙi, ya rubuta gabatarwa ga wani bugu nasa.

Akwai wani aiki da ya ƙara wasa tunaninta. Massachusetts ce jihar farko a Amurka da ta yi dokar mafi ƙarancin albashi, a 1912, domin mata da yara ma'aikata. Akan kafa kwamiti ga kowace sana'a, da wakilan masu kamfani, da na ma'aikata, da na jama'a, tsarin da ya yi kama da kwamitin ɓangarori uku da kan zauna kan albashi a Najeriya. Follett ta wakilci jama'a a irin waɗannan zama. Ta ga yadda kowane ɓangare kan shigo da adadin da ya san ba za a karɓa ba, a yi ta ja-in-ja, a tsaya a tsakiya, kowa ya fita yana ƙunƙuni. Littafinta na 1924, Creative Experience, daga nan ya samo yawancin kayansa, kuma abin mamaki, 'yan kasuwa ne suka fi 'yan siyasa karanta shi. Shi ya kai ta gaban manajojin New York.

Taga da madara

Don a gane nauyin abin da ta faɗa musu, sai an tuna da wanda ke mulkin fagen a lokacin. Frederick Taylor ya wallafa littafinsa na gudanarwa bisa tsarin kimiyya a 1911. Koyarwarsa ita ce a auna kowane motsin ma'aikaci da agogo, a gano hanya mafi sauri, manaja ya yi tunani, lebura ya aiwatar. A shekarar ce ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown, kusa da Boston, suka yi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo. Follett ba ta ƙi kimiyyar ba, har ta yi jawabi ga ƙungiyar almajiran Taylor a 1926. Inda ta rabu da su shi ne raba kai da hannu.

Ta ce hanyoyi uku ake bi a kashe rigima. Akwai fin ƙarfi, inda ɓangare guda ya danne ɗaya irin kashin dankali; yana da sauri, amma wanda aka danne yana jiran ranarsa. Akwai sassauci, inda kowa ya sauko ya bar wani abu nasa. Wannan ne kowa ke yabo, ita kuwa ta yi shakkarsa, domin wanda ya bar rabin buƙatarsa bai daina son ta ba, rigimar za ta dawo da wata riga, tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Ta ukun ita ce haɗe buƙatu: a tone abin da kowane ɓangare ke so a zahiri, wanda sau da yawa ya bambanta da abin da yake faɗa da baki, sannan a ƙirƙiro mafitar da za ta ɗauke su duka.

Misalin da ta fi shahara da shi ƙarami ne ƙwarai. Wata rana a wani ɗakin karatu na Harvard, wani yana son a buɗe taga, ita tana son a rufe. Da aka bincika, shi iska yake so ta shigo ɗakin, ita kuma ba ta son iskar ta riƙa bugunta kai tsaye. Sai suka buɗe tagar ɗakin da ke kusa, wanda babu kowa a ciki. Ba a buɗe rabin taga ba, kowa kuma ya sami abin da yake nema. Misali na biyu ya fi nauyi. Wata ƙungiyar manoma masu kai madara ta kusa wargajewa a kan wa zai fara sauke kaya, domin wurin karɓar madarar a gefen tudu yake: masu gangarowa sun ce su ne farko, masu hawowa sun ce sam. Aka sauya wurin dandamalin saukewar yadda ɓangarorin biyu za su sauke a lokaci guda, magana ta mutu.

A nan ne masu sukarta suka fi samun abin kamawa, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Ba kowace rigima ce ke da ɗaki na kusa ba. Ita kanta ta amince da haka, har ta kawo misalin maza biyu masu neman auren mace guda. Abin da ba ta ba isasshen muhimmanci ba, a ganina, shi ne cewa mai ƙarfi ba ya zama ya tone buƙatun marar ƙarfi sai an tilasta masa. Leburan da za a iya kora gobe ba ya cikin halin ƙirƙirar mafita tare da mai kamfani. Duk da haka, wanda ya taɓa zaman sulhu ya san sau nawa ake tashi baram-baram a kan abin da ba shi ne ainihin matsalar ba, saboda babu wanda ya tsaya ya tambayi ɗaya dalilinsa.

Kan batun umarni, ta lura cewa mutum na iya yarda da aiki amma ya ƙi shi saboda yadda aka ce ya yi. Ba ta ce a daina ba da umarni ba. Ta ce a cire shi daga jikin mutum a mayar da shi ga halin da ake ciki: shugaba da ma'aikaci su dubi lamarin tare, su gano abin da yake buƙata, su biyun su bi. Idan injin ya nuna alamar lalacewa, injin ne ya ba da umarnin a tsaya, kuma umarnin ya hau kan manaja kamar yadda ya hau kan mai kula da shi. Daga nan ta kai ga cewa iko na bin aiki da sani. Akawun da ke tsara fitar da kaya ya fi shugaban kamfani iko a kan fitar da kaya, kuma abin da ake kira hukuncin ƙarshe na shugaba galibi sa hannu ne a kan ɗaruruwan ƙananan hukunce-hukuncen da na ƙasa suka riga suka yanke.

Ta kuma bambanta iko a kan mutane da iko tare da mutane. Na farkon ƙwace ne, abin da wani ya samu wani ya rasa. Na biyun ƙaruwa yake yi, domin ƙarfin aikatawa ne da jama'a ke ginawa idan sun haɗu. Saboda haka ba ta yarda cewa shugaba na iya yanko iko ya miƙa wa na ƙasa kamar tsoka ba. Abin da zai iya shi ne ya buɗe musu hanyar gina nasu. Shugaba na ƙwarai a wurinta shi ne wanda ke sa mutane su ga manufar da ta haɗa su, har su bi manufar tare da shi, kuma ana gane shi da yawan shugabannin da suka taso a ƙarƙashinsa. Mai karatu na iya gwada wannan ma'auni a kan duk jagoran da ya ga dama.

Ingila, da shiru

A 1926 Isobel Briggs, aminiyarta 'yar Ingila da suka yi kusan shekara talatin a gida ɗaya, ta rasu. Rashin ya girgiza ta. A shekarar ce ta yi lacca a Oxford a tarukan da Seebohm Rowntree, mai kamfanin cakulan na garin York, ke shirya wa manajoji. Ta je Geneva ta nazarci yadda Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ke aiki, daga bisani ta tare a Landan. A farkon 1933 ta gabatar da jerin laccoci a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan. A ƙarshen rayuwarta ta fi mai da hankali kan yadda ake daidaita sassan babban aiki: waɗanda abin ya shafa su yi magana da juna kai tsaye ba sai takarda ta hau sama ta sauko ba, a jawo su tun ana tsara aikin ba bayan an gama yanke shawara ba, a kuma ɗauki daidaitawar a matsayin abin da ba ya ƙarewa. Duk wanda ya karanta darasin tafiyar da manyan ayyuka a yau zai gane waɗannan, ko da ba a ambaci sunanta ba.

Ta koma Boston a ƙarshen shekarar, aka yi mata tiyata, ta rasu ranar 18 ga Disamban 1933 tana da shekara 65.

Henry Metcalf, wanda ya gayyace ta New York tun farko, da Lyndall Urwick na Birtaniya sun tattara laccocinta a littafin Dynamic Administration a farkon shekarun 1940. Amma a ƙasarta an kusa mantawa da ita. Ba ta bar ɗalibai ba, ba ta bar sashe a jami'a ba. Zamanin ma ya juya mata baya: karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta jefa miliyoyi cikin rashin aiki, dokar ƙwadago ta 1935 ta gina dangantakar ma'aikata da kamfanoni a kan ciniki tsakanin ɓangarori biyu masu ja da juna, sannan yaƙin duniya ya zo da salon umarni irin na soja. Mai kamfani na ganin shawara da lebura zubar da girma ne, ɗan ƙwadago kuma na zargin duk maganar haɗin kai da zama tarko. A Birtaniya da Japan ne aka ci gaba da karanta ta.

Tunaninta ya dawo ta bayan gida. A 1981 Roger Fisher da William Ury na Harvard suka fitar da Getting to Yes, littafin sasanci da aka sayar da miliyoyinsa, wanda ginshiƙinsa shi ne a dubi buƙata a bar matsayi, kuma labarin tagar nan na ciki. A 1995 maɗaba'ar Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta sake buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucenta, da gabatarwar Peter Drucker, wanda ya ɗauke ta a matsayin wadda ta riga kowa hango inda ilimin gudanarwa zai dosa. Ita wannan makaranta ba ta fara karɓar mata kai tsaye a cikakken shirinta na babban digirin kasuwanci ba sai a 1963, shekara 30 bayan rasuwar Follett.